Hoton Baiko a Cikin Dusar Ƙanƙara: Tarihin Wata Al'ada a Lambun Central Park

Daga cikin al'adun aure da suka kafu a manyan biranen Amurka a ƙarshen ƙarni na 20 akwai ɗaukar hoton baiko, wato saurayi da budurwar da suka riga suka yi wa juna alkawarin aure su yi jinga da mai hoto, su fita tare da shi zuwa wani wuri mai kyan gani na tsawon awa ɗaya ko biyu, ya ɗauke su hotuna iri-iri waɗanda daga baya za su buga a katin sanar da ranar biki, su kuma sanya a shafukansu na sada zumunta. Baiko a can galibi sha'ani ne na mutum biyu, wanda yake tabbata a lokacin da saurayi ya miƙa zobe budurwa ta karɓa, ba tare da iyaye da dangi sun taru ba, shi ya sa hoton da ya biyo baya ya zama shi ne shelar da jama'a suke gani. A birnin New York babu wurin da ya kai lambun Central Park farin jini wajen wannan sha'ani, kuma akwai masoya da dama da suke zaɓar lokacin sanyi da gangan, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da bishiyoyi suka kaɗe ganye, dusar ƙanƙara kuma ta rufe ƙasa fari fat. Wanda ya kalli irin wannan hoto zai ɗauka mutum biyu ne suka keɓe a wani daji da Allah ya halitta haka, alhali tudun da suke tsaye a kai, da tafkin da ke bayansu, da na'urar da ta ɗauke su, har da watan da suka zaɓa, kowanne yana da tarihin waɗanda suka tsara shi da dalilin da ya sa suka tsara.

Shi lambun kansa aikin hannu ne tun daga tushe. A shekarar 1853 majalisar dokokin jihar New York ta amince a karɓi filin da ke tsakiyar tsibirin Manhattan, daga titi na 59 zuwa na 106, daga baya a 1863 aka ƙara shi zuwa titi na 110, ya zama eka 843, kimanin hekta 341 ke nan. Filin a wancan lokaci fadama ce da duwatsu da ƙananan gonaki. A 1858 aka yi gasar zana fasalinsa, aka gabatar da zane 33, wanda ya yi nasara kuwa shi ne na Frederick Law Olmsted, ɗan asalin jihar Connecticut wanda ya taɓa noma da aikin jarida, tare da Calvert Vaux, masanin zanen gine-gine haifaffen Landan. Olmsted ya ziyarci lambun Birkenhead da ke kusa da Liverpool a Ingila a 1850, ya ga talaka da mai kuɗi suna yawo a wuri ɗaya ba mai hana wani, wannan kuwa ya zauna masa a rai. Salon da suka bi na Ingila ne, wanda a cikinsa ake shirya fili kamar yadda mai zane yake shirya hoto, a sa abin da ido zai fara faɗawa a kai a gaba, a buɗe sarari a tsakiya, a rufe baya da duhun itatuwa. Domin cim ma haka dubban leburori, da yawansu 'yan ci-rani daga Ayalan da Jamus, suka fasa duwatsu da albarushi, suka haƙa tafkuna inda babu, suka ɗauko ƙasar shuka daga jihar New Jersey, suka kuma nutsar da hanyoyi huɗu masu ratsa lambun ƙasa da idon mai yawo, don kada keken doki mai ɗauke da kaya ya ɓata wa kowa kallo. Mai hoton da yake tsayar da masoya a wata kwana a yau, yana jin shi ya gano wurin, a gaskiya ya tsaya ne a inda aka nufi mai kallo ya tsaya tun fiye da shekara 160 da suka wuce.

Filin kuwa ba kango ba ne kafin a karɓe shi. Mutane kimanin 1,600 aka tasa, cikinsu har da mazauna ƙauyen Seneca da ke ɓangaren yamma na filin, tsakanin titi na 82 da na 89, wanda aka kafa a 1825, yawancin mutanensa baƙar fata ne masu mallakar filayensu, suna da coci uku da makaranta. Mallakar fili a gare su ya wuce batun wurin kwana, domin dokar jihar ta 1821 ta shardanta wa baƙar fata ya mallaki kadarar dala 250 kafin ya jefa ƙuri'a. Zuwa ƙarshen 1857 an rushe ƙauyen, jaridun lokacin kuma suka riƙa kiran mutanensa 'yan kama-wuri-zauna, sunan da bai dace da su ba.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, da sanyi aka fara cin moriyar lambun. A watan Disamba na 1858, tun ana tsakiyar aiki, aka cika babban tafkin da ruwa, ya daskare, aka buɗe shi ga masu wasan zamiya, wato sulɓi a kan ƙanƙara da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, wannan ne kuma sashen farko da jama'a suka shiga. Wasan ya karɓu matuƙa, har aka riƙa ɗaga wata jar ƙwallo a kan sanda don sanar da cewa ƙanƙarar ta yi kaurin da za ta ɗauki mutane, kekunan doki na haya su ma suka riƙa maƙala tuta mai wannan alama suna yawo da ita cikin gari. Muhimmancin wannan ga tarihin neman aure ba ƙarami ba ne, domin a gidajen masu hali na wancan zamani budurwa ba ta keɓewa da saurayi sai da wata babba a kusa tana sa ido, amma a kan ƙanƙara riƙe hannu ya zama larura da ba mai zargi, tunda wadda ba a riƙe ba tana iya faɗuwa. Hukumar lambun ta ware wa mata wani ɓangare nasu, amma tsarin bai daɗe ba. Kamfanin Currier and Ives, mai buga zane-zane masu araha da ake rataya a ɗakuna, ya fitar da zanen tafkin cike da masu zamiya a 1862, da gadar Bow a bayansu. Gadar, wadda Vaux ya tsara tare da Jacob Wrey Mould aka kuma ƙera da narkakken ƙarfe, a shekarar nan aka kammala ta, tsawonta ƙafa 87, kuma har yau tana cikin wuraren da samari suka fi zaɓa don miƙa zobe.

Sai dai a lokacin kyamara ba ta da ikon bin masoya zuwa waje. Hoton farko da ya shiga kasuwa shi ne wanda Louis Daguerre ya ƙirƙira, aka bayyana shi a Faransa a 1839, ana ɗaukar sa a kan farantin tagulla mai rufin azurfa, kuma yana bukatar mutum ya zauna ƙyam na daƙiƙoƙi masu yawa, har akan tokare masa ƙeya da wani ƙarfe don kada kai ya motsa. Shagunan hoto, irin wanda Mathew Brady ya buɗe a titin Broadway a 1844, a saman bene ake yin su, ƙarƙashin rufin gilashi, saboda hasken rana kaɗai ake da shi. Hanyar da Frederick Scott Archer ya fito da ita a 1851 ta rage tsawon zaman, amma ta zo da nata wahalar, domin sai an shafa wa gilashi magani, a ɗauki hoton, a kuma wanke shi tun maganin bai bushe ba, cikin 'yan mintuna, wanda hakan yake nufin mai hoto ya yi ta jan ɗakin duhunsa a amalanke duk inda ya nufa, a cikin sanyin da ruwan maganin yake iya daskarewa. Saboda haka hotunan ma'aurata na ƙarni na 19 kusan duka na cikin shago ne, miji a zaune, mata a tsaye da hannunta a kafaɗarsa, a bayansu kuma wani labule da aka zana masa itatuwa da tafki. Lambu na zane shi ya riga lambu na gaske shiga hoton aure.

Busasshen faranti, wanda aka fara sayarwa a wajejen 1880, da kyamarar Kodak ta George Eastman a 1888, wadda ake saye kan dala 25 da fim mai ɗaukar hoto 100 a cikinta, sai kuma Brownie ta dala ɗaya a 1900, su suka fitar da hoto daga shago. A watan Fabrairu na 1893 Alfred Stieglitz ya tsaya a titin Fifth Avenue cikin guguwar dusar ƙanƙara da ƙaramar kyamarar hannu, ya ce awa uku ya yi yana jira, har ya samu hoton keken doki yana kutsawa cikin farin hazo, wanda ya nuna wa masu sana'ar cewa mummunan yanayi ma abin ɗauka ne. Duk da haka an ɗauki shekaru masu yawa kafin wannan darasi ya isa ga hoton baiko, dalili kuwa na zamantakewa ne.

A farkon ƙarni na 20, bayan jaridu sun samu hanyar buga hoto kai tsaye, hoton baiko yana nufin abu guda, wato hoton budurwa ita kaɗai, daga kafaɗa zuwa sama, sau da yawa da sarƙar lu'ulu'u a wuya, wanda aka ɗauka a babban shago irin na iyalin Bachrach, aka kuma aika shafin manyan mutane na jarida. Da sunan iyaye ake rubuta sanarwar, a ce wane da matarsa suna sanar da baikon 'yarsu ga wane ɗan wane, a jero makarantun da ta yi da aikin mahaifinta da sunayen kakanni idan sanannu ne, shi kuwa saurayin ba a ganin fuskarsa. Wannan hoto shaida ce ta gida da asali, ba a yi shi don nuna soyayya ba. Abin da ya sauya shi shi ne sauyin da ya sami auren kansa. Ƙididdigar hukumar ƙidayar Amurka ta nuna cewa a 1960 mace takan yi auren fari tana da kimanin shekara 20, namiji kuma 23, amma zuwa 2020 sai ya koma kimanin 28 da 30. Mutanen da suka kai wannan shekaru suna da aikinsu da gidajensu, sau da yawa su ne suke ɗaukar wani kaso na ɗawainiyar bikin, don haka su suke sanar da kansu, kuma idan mutum biyu za su yi shela da bakinsu dole fuskoki biyu su bayyana.

Zoben ma yana da nasa labarin na kasuwa. Ba a Amurka aka fara ba da zoben baiko ba, amma mayar da daiman ya zama wajibi ga kowane saurayi aikin talla ne, wanda kamfanin De Beers ya ɗauki kamfanin N. W. Ayer na Philadelphia ya yi masa daga 1938, a 1947 kuma wata ma'aikaciyarsa, Frances Gerety, ta rubuta taken nan da yake cewa daiman ba ya gushewa har abada. Shi ya sa da wuya a kammala zaman hoton baiko ba tare da an ɗauki hannun hagun budurwa a kan ƙirjin saurayi ba, ko da kuwa sanyi ya sa sai ta cire safar hannu na ɗan lokaci tana rawar ɗari. Shi kuwa lokacin sanyi ta hanyar kalanda ya shigo. Daga bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, zuwa Kirsimeti da sabuwar shekara, zuwa ranar masoya ta 14 ga Fabrairu, shi ne lokacin da dangi suke haɗuwa, kuma 'yan kasuwar aure sun daɗe da lura cewa a watan Disamba aka fi miƙa zobe. Bukukuwan aure kuwa sun fi yawa daga Mayu zuwa Oktoba, katin sanar da rana kuma ana so ya isa hannun mutane watanni da dama kafin biki, don masu zuwa daga nesa su shirya. Wanda ya yi baiko a Disamba yana son biki a Satumba, ba shi da damar jiran furanni. Mai hoto shi ma hakan ya yi masa daidai, domin watannin sanyi su ne lokacin da kasuwarsa take kwance.

Akwai lokacin da ba wanda zai yi sha'awar kai amaryarsa Central Park don hoto. A shekarun 1970, musamman bayan birnin ya kusa tsiyacewa a 1975, ciyawa ta mutu ta bar ƙura, benci-benci suka karye, aka cika bangaye da rubuce-rubucen fenti, dandalin Bethesda kuma ya zama matattarar masu sayar da ƙwaya. A wannan dandali ne mutum-mutumin mala'ika yake, wanda Emma Stebbins ta sassaƙa aka buɗe a 1873 don tunawa da ruwan famfo na Croton da ya iso birnin a 1842, ita ce kuma mace ta farko da birnin ya ba wa kwangilar babban aikin fasaha. Gyara ya fara ne da kafa ƙungiyar Central Park Conservancy a 1980 ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Barlow Rogers, ƙungiya mai zaman kanta wadda take tara gudummawar masu hali tana kula da lambun bisa yarjejeniya da hukumar birni, tsarin da wasu suke yabawa, wasu kuma suke ganin ya sa lambunan unguwannin talakawa sun zama 'yan bora. Rufin zauren da ke ƙarƙashin dandalin, mai tayil kusan 16,000 na kamfanin Minton na Ingila, an sauke shi a shekarun 1980 saboda lalacewa, bai koma wurinsa ba sai 2007, kuma tun daga lokacin zauren ya zama mafakar masu hoto a ranar da iska ta yi tsanani. Finafinai su ma sun taimaka wajen haɗa sanyin lambun da soyayya a zukatan mutane, irin su Love Story na 1970 da Serendipity na 2001, waɗanda dukansu suka nuna filin zamiya na Wollman da aka buɗe a 1950.

Farfaɗowar lambun ta zo daidai da juyin da ya sami sana'ar hoto. A zamanin fim, nadi ɗaya hoto 36 yake ɗauka, ko 12 a manyan kyamarorin da masu hoton biki suka fi so, kowane latsi kuɗi ne, kuma ba a sanin abin da aka samu sai an wanke. Bayan fitowar kyamarorin dijital irin su Nikon D1 a 1999 da Canon EOS 5D a 2005, mai hoto ya samu damar ɗaukar ɗaruruwa a fita ɗaya, yana duba kowanne nan take, wannan kuwa ya sa aka fara cusa zaman baiko a cikin jingar hoton biki, a matsayin gwaji da zai sa ango da amarya su saba da kyamara kafin babbar rana. Facebook a 2004, da Pinterest da Instagram a 2010, su suka samar wa hotunan kasuwar kallo, suka kuma sa salon ya zama iri ɗaya, domin budurwa takan zo da hoton wasu a wayarta ta ce irinsa take so. A nan ne wani abin mamaki ya faru da nufin Olmsted. Shi ya dasa itatuwa a gefen lambun ne don su ɓoye gari, mai yawo ya manta da shi, amma masoyan yau garin suke so ya fito, shi ya sa suke tsayawa a gadar Gapstow ta dutse, wadda aka gina a 1896, don otal ɗin Plaza ya bayyana a bayansu, ko a gadar Bow don tagwayen hasumiyoyin ginin San Remo, kuma sai bishiyoyi sun kaɗe ganye ake ganin waɗannan gine-gine sosai.

Aikin kansa a cikin sanyi yana da ƙa'idojin da masu sana'ar suka koya da wahala. Ma'aunin haske da ke cikin kyamara an yi shi ne bisa zaton cewa abin da ke gabansa matsakaici ne tsakanin fari da baƙi, don haka idan ya ga fili fari fat sai ya rage haske, dusar ta fito ruwan toka, fuskoki su yi duhu, sai mai hoto ya ƙara haske da hannunsa mataki ɗaya ko biyu. A ɗaya ɓangaren kuma dusar takan mayar da haske sama zuwa fuska, ta share inuwar da ke ƙarƙashin ido da haɓa, abin da a wani lokaci sai an sa yaro ya riƙe farin allo kafin a samu. Batir yana saurin mutuwa a sanyi, shi ya sa ake ɓoye na ajiya a aljihun ciki kusa da jiki, idan kuma aka shiga shagon shayi don a ji ɗumi ba a fitar da kyamara daga jaka nan da nan, don kada raɓa ta kwanta a gilashinta. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, saboda haka ko dai a fara da ƙarfe uku, ko a yi sammako kafin ƙafafun masu yawo da karnuka su tattake dusar ta zama taɓo. Budurwa takan zo da takalma biyu, na tafiya da na hoto, da rigar sanyi da take cirewa ta miƙa wa wani idan an zo latsawa, jan hanci da jan kunne kuwa a kwamfuta ake gyara su daga baya.

Al'adar ba ta tsaya ga Amurkawa ba. A Taiwan tun shekarun 1980 aka samu manyan shagunan da suke ɗaukar ango da amarya hoto cikin kayan biki tun kafin ranar aure, salon ya bazu zuwa ƙasar Sin, kuma a yau ba abin mamaki ba ne a ga amarya daga can cikin farar riga marar hannu a dandalin Bethesda a tsakiyar Janairu. Hotunan kafin aure da suka yaɗu a Kano da Kaduna da Abuja a zamanin Instagram, waɗanda ake bugawa a kalanda da sitika ana rabawa a wurin biki, malamai da dama kuma suke suka saboda kusantar da ake yi kafin a ɗaura aure, reshe ne na wannan kasuwa, ko da yake a nan shigar kaya iri ɗaya da kwalliya sun fi wurin da aka tsaya muhimmanci.

Wani abin da yake damun masu wannan sana'a a New York shi ne ita dusar kanta. A cikin lambun ake auna yanayin birnin tun 1869, kuma ma'aunin ya nuna cewa abin ya zama ba tabbas: a Janairun 2016 guguwa ɗaya ta zubar da inci 27.5, mafi yawa da aka taɓa gani a zuba ɗaya, amma a sanyin 2022 zuwa 2023 gaba ɗaya inci 2.3 kawai aka samu, aka kuma yi kwana 701 a jere, daga Fabrairun 2022 zuwa tsakiyar Janairun 2024, ba a samu ranar da dusa ta kai inci ɗaya ba. Tafkin da aka buɗe lambun da shi an daɗe da hana zamiya a kansa. Saboda haka masu hoto da yawa ba sa yanke rana tun da wuri, sai su yi alkawari da masoya cewa duk daren da hasashen yanayi ya nuna dusa za a kira su a waya su fito da asuba, wasu kuma suna sayen hoton dusa mai zuba wanda aka riga aka shirya, su ɗora shi a kan hoton masoyan a kwamfuta idan lokacin buga kati ya matso sama ba ta zubar da kome ba.